Karsanar Safara'u

Litinin, 18 ga Satumba, bayan azahar

Ɗaya ya tafi. Ɗan bijimin nan mai lamba tara a kunne. An samu an yanka, bai yi mushe ba, Alhamdu lillahi.

Ba don abin ya dame ni nake rubutawa ba. Duk mai dabba yana asara. Ina so dai in riƙe kwanakin.

Lafiya lau na buɗe wa shanun da safe. Suka faɗa cikin waken suna ci har abin ya ba ni sha'awa, na ɗauke su a waya. Wajen ƙarfe takwas na ga lamba tara ya ware gefe, yana harbin cikinsa da ƙafar baya. Kwiɓinsa na hagu ya tashi har ya wuce ƙashin baya. Na doka da yatsa, ya amsa kamar tayar tirela da aka cika wa iska. Na kira Ɗan'inna mahauci daga Aujara. Kafin ya iso harshe ya fito, ɗan bijimi ya zube. Ɗan'inna bai ko kashe babur ba ya zaro wuƙa.

Da ya farke tumbin, kumfa ce koriya shar, kamar an kaɗa sabulu. Ya dubi kumfar, ya dubi gonar, ya dube ni. Ya ce Allah ya mayar da alheri.

Saura sha uku. Sha biyu nawa ne, na sayo su a kasuwar Maigatari. Ta sha ukun Wule ce, karsanar Safara'u matata, mai farin goshi. Ita kaɗai ta rage mata daga shanun mahaifinta. Ni na je Miga da bazara na ɗauko ta daga garken yayanta Ɗayyabu, na ce masa a wurina za ta ga abin da ake kira kiwo. Kadada uku, waya zagaye, rijiyar burtsatse, wake da lablab, waken nan na dabbobi, har gwiwa. Ɗayyabu bai so ba. Safara'u ma ba ta so ba, amma ba ta ce ba.

Wule lafiyarta ƙalau. Ban faɗi komai a gida ba.

Talata, 19 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

A shago duk na kasa zama. Dillalin Maigatari ne ya cuce ni, da cutarsa ya zo, haka na yanke.

Wani a masallacin kasuwa ya tambaye ni wai ina Baffa Lado, makiyayina. Na ce na sallame shi, yau kwana goma sha ɗaya. Mutumin da zan zo gona ƙarfe goma in tarar da maruƙa a turke, yana zaune yana tufkar igiya, ya watsa musu busasshen kara kamar marayu, ga abinci kore a gabansu wanda na kashe ƙarfina na shuka. In na yi magana ya ce, "Sai hantsi, Alhaji." Kullum sai hantsi.

Ni da famfon keke ɗaya na fara faci a bakin tashar Dutse, ina ɗan aji uku na sakandare. Yau shaguna uku gare ni na tayoyi. Ban taɓa barin ƙarfe shida ta same ni a gida ba. Da sai hantsi nake yi da har yau ina gindin dalbejiya. Yanzu ni nake zuwa da kaina, ina idar da asuba na kama hanya, shida da rabi na buɗe musu.

Laraba, 20 ga Satumba, ƙarfe ɗaya na rana

Biyu.

Lamba uku an yanka. Lamba sha ɗaya muna kan na farko ta faɗi a can ƙarshen waya, kafin mu je ta sandare. Mushe. Mun ja ta da mota zuwa bayan gona. Na yi ta kallon madubi ina ganin cikin nan yana gara a kan kunyoyi.

Na ɗura wa lamba uku kanwa tun da farko, na ɗura lemon kwalba kamar yadda wani direba ya ce min. Ta ƙware, ya fito ta hanci.

Saura sha ɗaya.

Alhamis, 21 ga Satumba, bayan la'asar

Ba komai yau. Kaya sun iso daga Kano sun riƙe ni, ban isa gona ba sai goma saura. Sha ɗaya cif. To ka gani.

Juma'a, 22 ga Satumba, ƙarfe uku da rabi

Na zaga wayar nan sau biyu a ƙafa, ina duba ko an jefo wani abu. Ban ga komai ba sai wandona da ya jiƙe sharkaf har cinya. Ba na zargin kowa. Amma mutum ya tafi da fushi, kwana goma abu ya fara, ai ba sai an kira mai duba ba.

Na raba sadaka bayan masallaci.

Ɗan'inna yanzu ba sai na kira shi ba. Bakwai da rabi zan ji babur. Ya jingine shi a gindin marke ya zauna yana wasa wuƙa a dutse. Na ce masa ungulu ma takan bari a mutu. Ya ce ai bambancinsa da ita ke nan, ranka ya daɗe, ita mushe take jira, shi kuwa mushen yake tsere da shi.

A gida Safara'u ta ajiye min tuwo ta ce, "Alhaji, suna ake yi a gonar nan? Hanta sau biyu a sati ɗaya." Na ce Ɗan'inna ne yake min alheri. Ta ce Allah ya saka masa, a gaishe da Wule.

Asabar, 23 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Ba na son rubuta wannan.

Iska ce dai a ciki, na ce wa kaina. Wa ya fi ni sanin iska a jihar nan? Shekara talatin ina sa ta ina fitar da ita. Na sa an wasa min bakin bawul na babbar mota jiya, ya yi tsini, na zare zuciyarsa, na sa a aljihu.

Lamba biyar ya kumbura wajen takwas. Ɗan'inna ya miƙe da wuƙa, na ce ya zauna. Na kafa bawul a inda ya fi tasowa na doka da tafin hannu. Ya shiga. Na ji fiii na ɗan lokaci, zuciyata ta yi fari, har na juya na dubi Ɗan'inna. Sai ya tsaya. Kumfa ta leƙo a bakin bawul ta toshe shi. Na zura tsinke, na busa da baki, na zura, na busa. Ɗan'inna yana cewa Alhaji lokaci, Alhaji lokaci. Na ce ya yi min shiru.

Ina durƙushe a kansa ina busa ya cika.

Ɗan'inna ya mayar da wuƙa kube. Bai yi min ba'a ba, wallahi da ma ya yi.

Ashe ba iska ba ce irin wadda na sani.

Lahadi, 24 ga Satumba, azahar

Lamba ɗaya. An yanka. Saura tara.

Litinin, 25 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Na je na ɗauko likitar dabbobi tun da safe. Wata 'yar Jos ce, Madam Tabitha, a wurina mijinta yake sayen taya. Muna isa muka tarar da lamba shida ta fara tasowa, don na riga na aika Ɗan'inna ya buɗe musu a kan lokaci.

Madam ba ta yi gaggawa ba. Ta sa aka tsayar da lamba shida ƙafafun gaba a kan tudun kunya, aka gitta mata sanda a baki. Ta zura siririn tiyo ta maƙogwaro, ta ɗura man gyaɗa kwalba guda. Ta ce mu yi ta zagawa da ita, kada ta kwanta. Kafin rabin awa cikin ya fara sacewa. Man gyaɗa. Wanda yake kicin ɗina jarka guda tun ranar farko.

Ta ce ganyen wake ɗanye in ya yi yawa kumfa yake yi a tumbi, iskar ta maƙale a cikin kumfa, man shi yake kashe ta. Sannan ta tsuguna ta shafa ganyen, ta dubi tafin hannunta, ta ce da Hausarta ta Jos, "Alhaji, ƙarfe nawa kana buɗe musu?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "Da raɓa?"

Ɗan'inna ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Manoman da suka taru a bakin waya su ma kowa ya sami abin kallo. Ashe duk sun sani. Duk garin sun sani, kwana bakwai suna tsaye suna kallona.

Ta ci gaba da magana, tana lissafa wasu abubuwa da yatsu, na ɗaya, na biyu. Ban ji ba. Kunya ta hana ni. Na ce na gane, na gane Madam, rana tana yi, mu je in sauke ki. A mota ta sake ɗauko zancen, na kunna rediyo.

Raɓa. Shi ke nan, an gano. Abu mai sauƙi.

Ban ce Baffa Lado yana da gaskiya ba. Da ya yi min bayani kamar yadda ta yi da ba a kai nan ba. Sai hantsi ai ba bayani ba ne.

Talata, 26 ga Satumba, bayan la'asar

Na riƙe su a turke har sha ɗaya, ban ba su komai ba don su ci da kyau in sun shiga. Awa biyu na kore su. Ɗaya ya ɗan tasa, na ba shi mai, ya sauka. Na sallami Ɗan'inna na ce ya nemi wata kasuwar.

Yau na ci abinci.

Laraba, 27 ga Satumba, ƙarfe uku

Har sha biyu yau, don a tabbata. Awa ɗaya kawai. Suna ta kuka a turke tun safe, Wule har ta kusa tsinke igiya. Hadari yana haɗuwa ta gabas.

Safara'u ta ce gobe da ita za a je gona. Matar Ɗan'inna ta zo Dutse gidan biki, sun haɗu. Ban san me aka faɗa mata ba. Na ce gona ba wurin zuwanta ba ne. Ta ce, "Ba gonarka zan je gani ba."

Shekara ashirin da huɗu ba ta taɓa mayar min da magana ba.

Alhamis, 28 ga Satumba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Hannuna har yanzu wari yake, na wanke sau huɗu.

An yi ruwa da asuba, ya ɗauke wajen tara. Muka isa tare da Safara'u. Ta tsaya a bakin turke ta ƙirga da ido, ta sake ƙirgawa. Ba ta tambaye ni ina biyar ba. Ta je wurin Wule ta dafa goshinta, ta ce yunwa take ji, ko ƙaiƙayi babu ne? Na ce abinci yana gabansu, tsari ne. Na jira har ɗaya saura, rana ta fito, na taɓa ganye na ji saman ya bushe. Na kwance su.

Ba ci suka yi ba, haɗiya suka yi. Kwana biyu da yunwa.

Ba a yi awa ba huɗu suka tsaya. Lamba biyu, lamba takwas, lamba sha biyu, da Wule.

Mai kwalba biyu ne a mota. Na kira Ɗan'inna, ya zo da wani manomi. Sha biyu ta karɓi mai. Biyu da takwas suka zube kusan tare, ya yanka wannan ya ruga ya yanka wancan. Wule na ɗura mata da kaina, rabin ya zube a ƙasa. Ta yi taku uku ta durƙusa. Ta kwanta. Duka ɓangarorin biyu sun tashi, idonta ya firfito, numfashi ɗaya-ɗaya.

Madam Tabitha tana Garki wurin rigakafi. Ta ɗauka a kira na uku. Ta tambaya na ba su busasshen abinci kafin su shiga? Na ce a'a. Ta ce shi ne na biyu da ta faɗa min ranar Litinin. Sannan ta ce babu lokaci, in nemi wuƙa mai tsini, a hagu, tafin hannu ɗaya daga ƙashin ƙugu, tafin hannu ɗaya daga haƙarƙarin ƙarshe, in soka da ƙarfi in faɗaɗa yadda kumfa za ta fita. Ta ce tana iya rayuwa, tana iya mutuwa a hannuna.

Na miƙa wa Ɗan'inna wayar. Ya ce shi wuya ya sani, bai taɓa huda dabbar da ake so ta tashi ba. Ya riga ya juya kanta gabas, ya taka ƙahon. Ya ce, "Alhaji, numfashi uku ya rage mata. Ka ce bismillah in yi, ko fatar da naman a samu."

Na buɗe baki zan ce ya yi.

Sai Safara'u ta durƙusa a cikin taɓon da mayafinta, ta ɗora hannu biyu a wuyan Wule, daidai inda wuƙar za ta bi. Ba ta dubi Ɗan'inna ba, ni ta duba.

"In ta yi mushe, tawa ce, na ji na gani. Ba za a yanka ta ba. Kai ka ɗauko ta daga Miga. Karɓi wuƙar."

Na karɓa.

Duk rayuwata toshe huda nake yi. Na auna tafin hannu, na auna tafin hannu, wurin a ɗame kamar ganga. Na soka, fatar ta ƙi. Na sa hannu biyu. Da ta shige, abin ya feso min har fuska, kore, zafi, tsami. Na faɗaɗa. Na zura yatsu ina kwaso kumfa da ganye ina watsarwa, Safara'u tana riƙe da kan tana kiran sunan Allah a hankali. Na zuba sauran man ta ramin.

Ta ja numfashi mai tsawo. Ta sake ja.

Madam ta iso wajen huɗu a motar haya, ta wanke, ta ɗinke, ta yi allurai. Ta ce ƙazanta ta zuba a cikin ciki, kwanaki biyar masu zuwa su za su faɗa.

Saura bakwai, in an sa da Wule.

Na ɗauki Safara'u muka koma Dutse.

Juma'a, 29 ga Satumba, ƙarfe biyu da rabi

Na sayo kara da busasshiyar ciyawa mota guda. Na sa kwaɗo a ƙofar waken. Shidan suna ci.

Wule ba ta ci. Ta sha ruwa kaɗan. Jikinta zafi.

Safara'u ta shimfiɗa tabarma a rumfar turke. Da safe in kawo ta, da magariba in mayar da ita. Ɗayyabu ya kira sau biyu, ban ɗauka ba.

Asabar, 30 ga Satumba, la'asar

Ba ta ci ba. Dusa, ƙaiƙayi, ganyen gawo, ta shinshina ta kau da kai.

Lahadi, 1 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Zafin ya sauka, ɗinki bai ruɓe ba, amma ba ta ci. Ƙashin ƙugunta ya fito. Kwana uku.

Madam ta sa kunne a kwiɓinta ta daɗe. Ta ce tumbin ya yi shiru, ba ya motsi, abin da yake narka abinci a ciki ya mutu da man da alluran. Saniyar da ba ta gyatsa ba ta tuƙa, a tsaye take mutuwa. Ta ce maganin ba ya cikin jakarta. Sai a samo tuƙar lafiyayyar babbar saniya, a ciro daga bakinta tana cikin taunawa, a dama a ɗura wa Wule da ɗuminta. Nawa shidan ba su isa ba, su ma cikinsu bai daidaita ba. Ta ce farar saniyar Fulani kuwa ba ta barin kowa ya sa mata hannu a baki sai mai ita, ita kuwa likita ce, da yatsunta take aiki, ba za ta gwada ba.

Na ce zan saya. Ta ce ba a sayarwa a kasuwar Shuwarin, Alhaji.

Safara'u tana jin mu. Ta ce rugar Baffa Lado ba ta fi tafiyar minti ashirin ba. Madam ta faɗa wa, ba ni ba.

Akwai wasu rugagen. Na je biyu da yamma. A ta farko suka ce shanu sun fita. A ta biyu wani dattijo ya tambaye ni ko ni ne Alhajin tabarma.

To bari in rubuta, tunda har ya zama suna. Ranar da na sallami Baffa Lado ba sallama kawai na yi ba. A gaban masu noma na ce na ɗauko makiyayi ne ba mai gadin inuwa ba. Na ce mutumin da bai taɓa ɗaura agogo ba ba zai koya min lokaci ba. Na ɗauki tabarmarsa da butarsa na cilla ta kan waya suka faɗa kwata. Ya girmi mahaifina. Ya zaga ta ƙofa ya tsince su, ya ce a kula da Wule, tana da haɗama.

Litinin, 2 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi na safe, a mota

Na tsaya a mararraba. Na kashe mota. Na tayar. Na kashe.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na sami Baffa yana tatsa. Bai tashi ba sai da ya gama. Ya sa aka kawo min kujerar tsugunno da ƙwaryar nono, ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, kamar jiya muka rabu.

Sannan ya tambayi Ɓaleri. Na ce wanne ne? Ya ce baƙin nan mai karyayyen ƙaho. Ya tambayi Sayi. Ya tambayi wata, ya tambayi wani. Ashe kowanne ya sa masa suna. Ni lamba na sani, shi bai san lamba ba. Sai da muka bi ta launi, yana faɗa ina cewa ya tafi, ko yana nan. Duk wanda na ce ya tafi sai ya ce Allahu akbar. Sau bakwai.

Wule ya bari ƙarshe. Na faɗa masa duka, har wuƙar.

Na sauko daga kujerar na durƙusa. 'Ya'yansa mata suna kallo daga bakin bukka. Na ce, "Baffa, na yi maka ba daidai ba. Ka yafe min."

Ya ce, "Tabarma ce, Alhaji. Na shanya ta ta bushe."

Ya tashi ya shiga cikin shanu, ya tsaya kusa da wata tsohuwar fara mai manyan ƙahoni, yana sosa mata wuya yana mata magana da Fillanci. Mun fi rabin awa. Ina kallon rana, na jira. Da curin ya taso mata a wuya ta fara taunawa, ya kama haɓarta ya zura hannu ta gefe ya fito da shi, ya jefa a ƙwarya. Ya yi wa uku haka. Ya rufe ƙwaryar ya sa a cikin rigarsa don kada ta huce.

Bai yarda ya shiga gaban mota ba, baya ya zauna.

A gona Safara'u ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Ya ce mata ya san kakar karsanar nan, a Miga, ita ma haka take da ci. Safara'u ta rufe fuska da mayafi. Ya dama da ruwan ɗumi ya ɗura, kaɗan-kaɗan, yana shafa maƙogwaron. Ɗigo ɗaya bai zube ba.

Ya ce zai dawo gobe da jibi, don ita. Aiki kuwa ya tsufa.

Talata, 3 ga Oktoba, azahar

An sake ɗurawa. Shiru. Na sa kunne a kwiɓinta kamar yadda Madam take yi, bugun zuciyata kawai nake ji.

Ɗan'inna ya zo, ba wuƙa. Ya kawo mata ganyen gawo a bayan babur, ya ce kada a faɗa a kasuwa, mutuncinsa zai zube.

Ya Allah, ba don ni ba.

Laraba, 4 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Na uku. Ta kwanta da rana ta ƙi tashi, sai da muka ɗaga ta mu huɗu da buhu a ƙarƙashin ciki. Baffa ya daɗe yana kallonta. Na tambaye shi. Ya ce rai na Allah ne.

Na ɗauki kiran Ɗayyabu. Ya gaishe ni da ladabi, shi ya fi ciwo.

Safara'u ba ta karya ba, ba ta ci na rana ba. Na kai mata shayi a rumfar, yana nan inda na ajiye.

Alhamis, 5 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe

Baffa ya zo duk da kwana ukun sun cika. Ina riƙe da kan Wule a ƙirjina yana shirin ɗurawa, sai ya ɗaga hannu ya ce in tsaya. Ya dafa kwiɓinta. Na ga fatar ta motsa a ƙarƙashin hannunsa, a hankali, kamar mai barci ya juya.

Sai ta miƙa wuya ta yi gyatsa. A fuskata. Doguwa, mai wari, irin wadda in yaro ya yi a gaban baƙi za a kore shi waje.

Baffa ya ce, "Alhamdu lillahi," kamar shi ya ƙoshi.

Na zauna a ƙasa. Ɗan'inna ya juya baya yana gyara abin da bai lalace ba a babur. Bayan ɗan lokaci curi ya taso mata, ta fara taunawa. Safara'u ta miƙa mata ganyen gawo, ta karɓa.

Muna nan zaune muna kallon bakinta, mu huɗu. Can Safara'u ta ɗauki kofin shayin jiya ta zubar, ta ɗauraye, ta ce akwai shayi mai zafi a mota? Na je na kawo mata. Ta kurɓa sau biyu.

Ta ce, "Alhaji, in ɗinkin ya warke Yaya Ɗayyabu zai zo ya tafi da ita."

Na dubi wayar da na zagaye, da tankin ruwa, da waken nan kore har gwiwa.

Na ce to.